Corollata da zafin Sakkwato

Na kai Corollata ƙirar 2008, 'yar Kwatano, gareji don tana tafasa. Bakanike yana buɗe bonet ya ce, "Alhaji, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye." Na ce a'a, Malam, bar min shi.

Wallahi wannan ɗabi'a tana damuna. Babu tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, injin kan daɗe bai ɗumama ba da safe, ya yi ta shan mai. Abin da ke sa mota tafasa a Afrilu, zafi na haura digiri 40, yawanci lagireto ne da ruwan rijiya ya cika da tsatsa. Muka wanke shi tas, muka zuba kulant, wato ruwa na musamman na sanyaya inji. Jiya da azahar na je Tambuwal, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.