Alkawarin tumatir da na yi a lambun haɗin gwiwa

Shekara ta uku ke nan ina aiki a wani lambu a gefen Kura, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsowa. Namu lambun ba a lodin kwanduna a kai kasuwar 'Yan Kaba. Wasu gidaje ne a cikin birnin Kano suke haɗa kuɗi su ba mu tun kafin shuka, mu sayi iri da taki da man injin ban ruwa, mu kuma duk Asabar mu kai wa kowane gida kwandonsa na kayan miya. Abin da lambu ya bayar, shi ake rabawa.

Lokacin sanyi abin gwanin sha'awa: latas, karas, kabeji, ga tumatir jajir har sai mun rasa inda za mu zuba. Wannan yalwar ce ta ruɗe ni a shekarata ta farko. Da muka je karɓar kuɗin zango na biyu, sai na buɗe baki na ce wa mutane ba za su rasa tumatir ba har faɗuwar damina. Tsohon da nake aiki a ƙarƙashinsa, Baba muke ce masa, bai tanka ba sai da muka kamo hanya. Ya ce, "Ɗana, da bakin hunturu ka yi alkawarin nan, bazara kuma za ka bari da biya."

Afrilu na shiga na gane nufinsa. A nan zafi yakan haura digiri 40, tumatir kuwa ba ya ɗaure 'ya'ya a irin wannan rana. Shukar tana nan shar, ta yi fure, amma da ka taɓa reshe sai furannin su zubo ƙasa, rawaya-rawaya, busassu. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, duk a banza. Sannan tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta yi wa tumatirin Kano kaca-kaca a 2016, ta shigo. Cikin ganye take shiga ta ci ta bar fata fara kamar takarda, shi ya sa feshi ba ya cika samunta.

Shuke-shuken da na raina su ne suka riƙe mu. Kuɓewa, alayyafo, rama, yakuwa da gurji ba su damu da rana ba muddin gindinsu da laima. Baba ya hana ni ban ruwa da tsakar rana, sai da asuba ko bayan la'asar, ya kuma sa muka riƙa ɗebo buntun shinkafa, wanda yake jibge a Kura, muna rufe gindin shuka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk ranar da ba a tayar da inji ba riba ce a wurinmu.

Sai kurege. Har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci. Na shuka kankana kunya guda da yamma, da safe na tarar an bi rami-rami an tone, ba a tsallake ko ɗaya ba, ga ɓawon irin an fasa biyu an ajiye a bakin kowane rami. Sau uku ina maimaita shuka. Na yi ta kafa tarko ina kama ɗaya ko biyu, ɓarna ba ta tsaya ba. Baba ya ja ni bakin shinge ya nuna mini tulin karan da ni da kaina na tara a can, ga ramuka a ƙarƙashi. Ashe gida na gina musu. Muka kwashe karan, muka koma renon irin kankana a leda, sai ya yi ganye mu dasa. Gafiya ita da dare take zuwa, tsuntsaye kuma muna fama da su da gwangwanaye a jikin igiya, su ma bayan kwana kaɗan sun saba. Bushiya kaɗai Baba bai yarda a taɓa ba, domin ƙwari take ci.

Hadarin farko ma ya yaudare ni. Iska ta taso da ƙura a watan Mayu, ta kwantar da kuɓewa, aka yi ruwa na ɗan lokaci, na ɗauka damina ta sauka na sassauta ban ruwa. Muka yi kusan mako uku ko ɗigo babu.

Amma abin da ya fi damuna ba a cikin lambu ya faru ba. Mako biyu ina sayen tumatir a kasuwa da kuɗin aljihuna ina zubawa a kwandunan mutane, don kada a ce na saɓa alkawari. Da abin ya fi ƙarfina, na tsaya a zauren wata Hajiya cikin masu biya, na faɗa mata komai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Haba ɗan nan! Da tumatirin kasuwa nake so ai na san hanya. Mun sa kuɗi ne a samu tare a rasa tare. Me ya hana ka faɗa tun ranar da furen ya fara zuba?" Ban iya ba ta amsa ba.

Ita ce ta kawo shawarar kauɗa. Bana tun watan Fabrairu, lokacin da tumatir ya yi yawa, muka yanka muka shanya a kan tabarmi, yana nan a buhuna a ɗakin Baba. Duk Alhamis kuma ina aika wa gidajen saƙo ta WhatsApp in gaya musu abin da ya nuna da abin da ya lalace. Na makon jiya na rubuta cewa kuɓewa ta fara huda, alayyafo ya isa yanka, zomo kuma ya cinye mana komi biyu na wake.