Na je Ilgin, inda ake haƙo baƙar ƙasar humik

Shekaru ina sayar da humik asid, wato sinadarin gyaran ƙasar noma, a shagona na taki da maganin feshi a Kano, manomi ya tambaye ni daga me ake yin sa, sai in karanta masa abin da ke jikin galan. Shi ya sa da harkar kaya ta kai ni Turkiyya, na ce sai na ga tushen abin da idona.

Daga Istanbul jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Konya. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a can ya zama tafintana, muka hau mota zuwa Ilgin, kusan kilomita 90 daga birnin. Gari ne na ruwan zafi mai ɓulɓulowa daga ƙasa, da masana'antar sukari, da ramin kwal. A nan ne kamfanin kwal na gwamnati, TKİ, yake yin humik na ruwa mai suna TKİ-Hümas.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne abin da ake yin humik da shi ba cikin zurfi yake ba. Kwal ɗin yankin lignit ne, wato ɗanyen kwal da bai gama nuna ba. Wanda ke kusa da doron ƙasa, iska da ruwan sama sun daɗe suna ratsa shi har ya ruɓe, ƙarfin wutarsa ya tafi. Shi ake kira liyonadait, sunan A. G. Leonard, masanin duwatsu na jihar Dakota ta Arewa a Amurka. A da masu haƙa ture shi gefe suke yi don su kai ga kwal mai ci da wuta.

Wani injiniya ya damƙa min dunƙule ɗaya. Ba nauyi, ba ƙyalli, na matsa sai ya marmashe, tafin hannuna ya koma baƙi-baƙi da ɗan ja. Ya zuba garin a kofin ruwa, ya kwanta a ƙasa, ruwan bai damu ba. Ya ɗiga sinadarin fotas mai kaifi ya kaɗa, nan take kofin ya rine kamar ruwan baba a karofi. Ya ce aikin ke nan: a shanya, a niƙa, a tankaɗe, a narkar, a tace. Ya ƙara da cewa masu haƙar rijiyar mai ma suna zuba shi a taɓon haƙa don ya saki jiki, masu zubin ƙarfe kuma suna gauraya shi da yashin zubi.

Darasin gaske a gonar wani dattijo na same shi. Alkama yake nomawa da farin tushen nan da suke tatsar sukari. Bai bar mu mun buɗe baki ba sai da muka sha shayi, aka kawo doguwar gurasa mai nama ta mutanen Konya. Na zaro kuɗi, ransa ya ɓaci, ɗalibin ya raɗa min, "Alhaji, mayar da su aljihu, baƙo ba ya biya a nan." Na tambayi dattijon ko humik ya raba shi da sayen taki. Ya girgiza kai. Ƙasarsu farar ƙasa ta yi mata yawa, tana riƙe abincin shuka ta hana saiwa ci. Humik yana sassauta ta, ya taimaka mata riƙe danshi, amma yuriya da takin dabbobi suna nan yana zubawa.

Nan raina ya sosu. A kasuwanninmu ana ce wa talaka galan ɗaya ya maye buhunan taki, ya sayar da akuyarsa ya saya, masara ta yi rawaya, ya ce an cuce shi. Kuma an cuce shi ɗin. Jigawarmu mai yashi tana buƙatar irin wannan gyara ƙwarai, sai dai gyaran ƙasa daban, abincin shuka daban. Farashin ma abin dubawa ne. A bakin rami kayan ba tsada, kuɗin jirgin ruwa da kwastan da dillalai ne ke ninka shi, kuma mafi yawan abin da ke cikin galan ruwa ne muke biyan kuɗin dakonsa. Garin busasshe ya fi mana. Muna da lignit a yankin Ogwashi da Asaba a jihar Delta, ya kamata jami'o'inmu su gwada na saman nan.

A Konya na ziyarci hubbaren Maulana Rumi, malamin Sufaye kuma mawaƙi, wanda ya rasu a 1273. A Istanbul wani dillali ya ƙi nuna min takardar gwajin kayansa, har da ɗaga murya, na bar masa abinsa. Na sayi buhunan gwaji a wani wuri, zan kai su gonar tumatir a Kadawa, fangali da humik, fangali babu, taki iri ɗaya.