Ƙugin bututun injin wanki ya ƙare

Alhamdu lillahi, yau injin ya zubar da ruwan wanki da na ɗauraya, ya matse kaya, bututu bai ce uffan ba. Masu bin aikin nan kun san tun da na ɗauke shi daga kicin zuwa ɗakin baya abin da ya hana ni sakat ke nan.

Jan fayif ɗin fitar da ruwa bai ba ni wahala ba. Mai inci 2 na sa, gangaren santimita 2 a kowace mita, bakin bututun tsaye, wanda tiyon injin ke zuba ruwa a ciki, santimita 80 daga ƙasa. Ruwa na wucewa sumul. Amma da famfon injin ya tsaya sai ka ji gulu-gulu daga gindin bango, can da dare kuma warin masai ya cika ɗakin. Haushi kamar in mayar da shi kicin in huta.

Na haska tocila cikin bututun. Lanƙwasar U ɗin nan da ya kamata ta riƙe ruwa kamar santimita 5 ta toshe wari, ta zama wayam, sai ɗan kumfa a ƙasa. In na zuba mata ruwa da kofi wari ya ɗauke, wanki na gaba a koma gidan jiya. Ashe ruwan da famfo ke turowa da ƙarfi cika fayif yake fal, yana gangarawa yana jan iska a bayansa. A kicin bututun iskar da ya fita ta rufi yana kusa, nan kuwa ya yi nisa. Iska ba ta da ƙofa sai ta cikin U ɗin, shi ya sa take zuƙe ruwan. Irin yadda jarka ke yi in kana tsiyaya ba ka buɗe ƙaramin murfin ba.

Wani ya ce in naɗe inda tiyon injin ya shiga bakin bututu da salatif. Kada ku soma. In wurin ya toshe ruf, bututu na iya zuƙe ruwan cikin injin tun yana tsakar wanki.

Fasa silin da rufi don sabon bututun iska ya fi ƙarfina, sai na sayi bawul ɗin da ke barin iska ta shiga, ba ya barin wari ya fito. Ɗan abu kamar dunƙulen hannu, amma kuɗinsa sun sosa min rai. Na yanka fayif bayan U ɗin, na sa mahaɗa mai T, na ɗora shi a tsaye, fiye da santimita 10 sama da fayif ɗin kwance. Ku lura, shigar da iska kawai yake yi, dole gidan ya kasance da bututun iska buɗaɗɗe a wani wuri.

Saura rufe bangon. Zan bar wa bawul ɗin taga mai raga, don in robar ciki ta gaji in kwance shi ba sai na fasa ba. Wanda ya daɗe da irinsa, shekara nawa ta yi maka?