Tarihin Rayuwata a Ɗakin Awon Ciki, Kashi na 7: Lambobin O'Sullivan

A makon jiya mun tsaya a kan tambayar da matan ƙauyukanmu na Jigawa ke yawan yi: wa ya yanke cewa sukarin mai ciki ya yi yawa? Yau zan ajiye labarin kaina in ba da na mutumin da ya fara shata iyakar.

Sunansa Dakta John O'Sullivan, likita a birnin Boston na Amurka. A 1964 shi da Claire Mahan, masaniyar ƙididdiga, suka wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa masu ciki 752. Kowace ta kwana ba ta ci komai ba, aka ba ta gulukos, wani nau'in sukari, giram 100 ta sha, aka ɗebi jininta sau huɗu: kafin sha, sai bayan awa ɗaya, biyu da uku. Iyakokin da suka fitar bi da bi su ne 90, 165, 145 da 125, a ma'aunin miligiram na sukari a kowace desilita ta jini. Wadda ta kai biyu daga ciki, an ce tana da sukarin goyon ciki. Da na'urorin gwaji suka canza, wasu likitoci biyu, Carpenter da Coustan, suka gyara lambobin a 1982, amma a kan tubalinsa suka ɗora.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da ma'aikatan lafiya, shi ne ba jariri O'Sullivan ya duba ba wajen yanke lambobin nan. Uwar ya duba. Yana son gane wace mace ce ciwon sukari na dindindin zai kama nan gaba, kuma ya bi sawun matan sama da shekara 20.

Maganar jariri sai daga baya. Wani babban bincike kan illar yawan sukari ga goyon ciki, mai suna HAPO, na 2008, a kan mata sama da 23,000 a ƙasashe tara, ya nuna gwargwadon hawan sukarin uwa, gwargwadon ƙibar ɗa. Sukari yana ratsa mabiyiya, insulin ɗin uwa, sinadarin da ke rage sukarin jini, ba ya ratsawa, sai jikin jaririn ya yi ta haɗa nasa yana tara kitse. Shi ne za a haifo ɗa mai kilo 4 ko fiye, dangi na murna an samu ƙato, alhali kafaɗarsa ta kusa maƙalewa, kuma da an yanke cibiya sukarinsa na iya faɗuwa. Shi ya sa ake gaggauta sa masa nono, ba jiƙo ba.

Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ma'aunin yanzu a 2013. Ana yin gwajin tsakanin mako 24 da 28, da gulukos giram 75 a ruwa kamar mililita 300, a shanye cikin minti biyar. Iyakokin su ne 92 kafin sha, 180 bayan awa ɗaya da 153 bayan awa biyu, kuma ko ɗaya aka kai ya isa.

A takarda abu ne mai sauƙi. A ƙauye, gwajin kan lalace tun daga gida. An ce wa mace kada ta ci abinci, ita kuwa a wurinta koko ba abinci ba ne. Sai an faɗa mata dalla-dalla: Yaya, daga bayan isha'i har a ɗebi jini, ban da koko, ban da fura, ban da goro, ruwa zalla. Bayan ta sha gulukos ta zauna wuri ɗaya, kada ta ce bari ta leƙa kasuwa, don tafiya na ƙone sukarin. Garin gulukos na kanti kuma galibi akwai ruwa a haɗinsa, giram 82.5 nasa ne daidai da 75.

Sai jinin kansa. Ƙwayoyin jini na ci gaba da cin sukari a cikin kwalba, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa. Jinin da aka ɗiba a sha-ka-tafi, aka ɗora wa ɗan acaɓa cikin zafin Afrilu zuwa babban asibiti, zai iya isa yana cewa lafiya lau. A kwalba mai murfi ruwan toka ake sa shi, a binne cikin ƙanƙara. Gwajin fitsari kuwa kada a dogara da shi: ƙodar mai ciki na iya zubar da sukari ba tare da ciwo ba.

Ɓangaren O'Sullivan dai shi muka fi watsarwa. Da an yi suna, kowa ya koma kan jariri, maijego na ta kwankwaɗar kunun kanwa da sukari. Ƙa'ida ita ce a sake gwada wadda ta yi sukarin goyon ciki bayan haihuwa da mako shida zuwa goma sha biyu, wato da zarar ta yi arba'in, sannan a riƙa maimaitawa bayan shekara ɗaya zuwa uku ko da ta fita lafiya. A rubuta ranar a katin rigakafin jariri, tunda shi ne katin da ba ya ɓata.

Mako mai zuwa za mu shiga madafa, mu auna malmalar tuwo.