Doguwar Tafiya da Ƙananan Yara a Motar Haya

Duk lokacin da Sallah ta gabato ko aka ba da hutun makaranta, tashoshin motar Kano suna cika da iyaye mata, kowace da goyo a baya da wani yaron riƙe a hannu, suna jiran a gama lodi. Da yawa daga cikinsu hanyar gabas za su bi, wadda ta ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu kafin ta kai Maiduguri, tafiyar da ta kusa kilomita 600. Ni ma ita nake bi da 'ya'yana idan za mu je ganin dangi, kuma na lura cewa yawancin wahalar da yaro yake sha a mota tun daga gida take farawa, domin manya suna tsara tafiyar ne gwargwadon ƙarfin jikinsu da aljihunsu, su manta cewa jikin yaro ba zai ɗauki abin da nasu zai ɗauka ba.

Sammako shi ne matakin farko. Wanda ya isa tasha bayan sallar asuba zai sami motar farko, wadda ta fi saurin cika, kuma zai ci rabin hanya kafin rana ta take, yaran kuwa suna barcinsu. Wannan ya fi muhimmanci a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan haura maki 40 a Yobe da Borno. Akwai kuma shingayen jami'an tsaro tsakanin Damaturu da Maiduguri da ke cin lokaci, kuma ba hanya ce da mai iyali zai so dare ya riske shi a kanta ba.

Sai batun kujera. 'Yan kamasho sun saba cusa mutum huɗu a wurin mutum uku, kuma an ɗauka cewa yaro ba ya bukatar wuri, cinyar uwarsa ta ishe shi. Ga jariri wannan daidai ne, amma yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da zai yini a matse a kan cinya, ƙafarsa ba ta miƙewa, dole ne ya yi ta rigima, uwar kuma ta sauka a gajiye tilis. Idan da hali a biya masa kujerarsa, ko da za a rage tsarabar da za a kai. Kada kuma a yarda a zaunar da yaro a gaba kusa da direba, domin birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya buga shi da gilashi.

Abin da ya fi damuna a tafiya shi ne ruwa da abinci, don a nan ne ake ɗauko ciwon da zai ɓata zaman gaba ɗaya. Ina tafasa ruwa tun da dare in cika gora, saboda ba kowane ruwan leda da ake miƙowa ta taga ne mutum zai iya shaidar tsabtarsa ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai yake bukata, ko da ana tsananin zafi. Abin da ya kamata shi ne a yawaita ba shi, ita kuma uwar ta yawaita shan ruwa. Ga waɗanda suka fara cin abinci, kunu a fulas da dafaffen ƙwai da ayaba da dabino sun wadatar, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan, domin cika ciki da abinci mai maiƙo kafin a tashi yana iya jawo amai. Fura da nono da awara da ake talla a bakin hanya suna jan hankalin yara, amma abin da ya daɗe a rana, ƙuda na sauka a kansa, ba na cikin yaro ba ne.

Jakata ba ta rabuwa da ƙunshin gishiri da sukari da ake samu a kemis, tare da ƙwayar zinc. Idan gudawa ta kama yaro kuma babu ƙunshin, ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi a hankali. Amma idan idanunsa suka faɗa, ko maɗigar jariri ta loɓa, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, to a sauka a gari mafi kusa a nemi asibiti, kada a ce sai an isa. Azare tana da asibitin gwamnatin tarayya, Potiskum da Damaturu ma suna da manyan asibitoci.

Akwai wata al'ada da nake roƙon iyaye su bari, wato ɗura wa yaro maganin tari ko na mura don ya yi barci a hanya. Na san gajiya da kunyar sauran fasinjoji ne suke sa a yi hakan, amma yaron da magani ya kwantar ba zai nemi ruwa ba, kuma uwar ba za ta iya bambance barci da galabaita ba. Kukan yaro a mota ba abin kunya ba ne, kowa a cikin motar an taɓa goya shi.

Tun kafin a tashi nakan ce, "Malam direba, don Allah muna da yara, a taimaka a tsaya mana idan sun matsu." Ban cika ganin wanda ya ƙi ba idan an yi masa magana da girmamawa tun da wuri. Idan an tsaya salla, a fito da yaran su taka ƙasa, kada a bar ko ɗaya a cikin mota a rufe. A nan maigida yake da aiki idan tare ake tafiyar, ya karɓi babban yaron ya kai shi kewaye, uwar ta samu ta canza wa ƙaramin kunzugu. Wanda ya fara wayo kuma a saka masa takarda mai lambar waya a aljihu, saboda cunkoson tasha.

A lokacin hunturu a ƙara da hula da rigar sanyi da man kaɗanya, a kuma rufe taga idan ƙura ta taso. Da damina kuwa gidan sauro ya shiga kaya tun farko, domin ba kowane gidan da za a sauka ne yake da na baƙi ba. Katin rigakafin yaro shi ma a tafi da shi, ta yadda idan ranar allurarsa ta zo ana can, za a iya yi masa a asibitin garin.