Haruffa Masu Kauri, Matsattsu, Marasa Kaifi

Wallahi akwai wani salon haruffa da ya shiga raina, duk sanda zan haɗa fosta a kwamfuta shi hannuna ke fara kaiwa. Haruffan masu kauri ne, dogaye, a matse suke kamar an tsuke musu ƙugu, amma bakinsu a zagaye yake, ba kusurwa mai tsini ko ɗaya.

Ka san Impact, salon haruffan nan da Geoffrey Lee ya zana a 1965, shi ma kauri gare shi da matsewa, sai dai shi tsawa yake maka, wannan kuwa magana yake da ƙarfi amma fuska a sake. Matsewar ce ke ba ka damar cusa doguwar kalma a ƙaramin fili kuma ta fito ɓaro-ɓaro tun daga nesa, shi ya sa yake dacewa da kanun fosta, tambari, kwalin kaya, sitika, kayan yara.

Amma fa kar ka rubuta dogon bayani da shi. Na taɓa gwadawa, ramin cikin "a" da "e" ya toshe, layuka suka cure, ido ya gaji. Kalma uku zuwa biyar, ka ɗan buɗa tsakanin haruffan, ka bar masa fili ya sha iska.