Firibet da hasken rana: rabin aikin yana bakin almakashi

Idan aka tambaye ni ko firibet rana yake so ko inuwa, sai in ce duka biyun yana jurewa, kuma wannan juriyar ce take yaudarar masu shuka shi. Itacen, wanda ake shukawa don yin shinge, masana tsirrai kuma ke kira Ligustrum, dangin zaitun ne, ga shi da taurin rai. Ko a lungu mai duhu ka dasa shi zai rayu. Sai dai zai miƙe zalo-zalo yana neman haske, tazarar da ke tsakanin ganye ta yi ta buɗewa, har ka riƙa hango abin da ke bayan shingen, alhali don tare ido aka shuka shi.

Ma'aunin da masu lambu ke bi ba shi da wuya. Wurin da rana ke duka kai tsaye awa 6 ko fiye, nan firibet ya fi cika da ganye da fure. Awa 4 zuwa 6 ma ba laifi. Ƙasa da haka sai ya fara ramewa. Ni kafin in haƙa rami nakan leƙa wurin da hantsi, da rana tsaka, da la'asar, domin inuwar gini ko ta bishiya ba ta zama wuri ɗaya, kuma tana sauyawa da watanni. A ƙasa mai tsananin zafi, ranar safe ta fi ta yamma sauƙi a jikinsa, musamman idan kusa da katanga yake, mai shan zafi ta mayar masa. In ka ga bakin ganye ya ƙone, fara tona ƙasar da yatsa kafin ka ɗora wa rana laifi. Sau da yawa ƙishi ne. Ban ruwa mai ratsa ƙasa, sannan a rufe gindin da busasshen ganye, ya fi yayyafin kullum. Sabon dashen da ya taso ƙarƙashin ragar inuwa kuwa, a ba shi mako ɗaya ko biyu yana sabawa da rana kaɗan-kaɗan.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inuwar da shingen ke yi wa kansa. Firibet ya fi toho a sama, inda haske ya fi yawa, kuma hannun mai aski yakan bi wannan tohon ba tare da ya lura ba. Shekara biyu, uku, sai ka ga saman ya yi faɗi kamar malfa, gindin kuma ya zubar da ganye ya bar itatuwa tsirara. Mai shi ya yi ta zuba taki, a banza. Ganyen ƙasa haske ya rasa, kuma saman ne ya tare masa. Don haka nake yin aski gindi ya fi kai faɗi, gefen ya ɗan kwanta ciki yayin da yake hawa. Ba sai karkatar ta yi yawa ba, faɗin tafin hannu a kowane gefe ya ishi shinge mai tsayin mutum. Nakan ɗaura igiya a kan turaku biyu in bi ta, don ido kaɗai yana ƙarya.

Shingen da gindinsa ya riga ya tsiraita ma bai lalace ba. Firibet yana toho daga tsohon itace, saboda haka ana iya rage masa tsawo sosai ya sake cikowa daga ƙasa. Lokacin ne abin lura. Ganyen ciki a inuwa ya girma, bai san rana ba. Ka buɗe shi ana tsakiyar zafi, cikin kwanaki zai babbake. Babban sara a yi shi gab da lokacin sabon toho, ƙaramin aski kuma ranar da ake lumshi ko da yamma.

Firibet mai ruwan ɗorawa, wato Aureum, wanda ya fito daga nau'in ovalifolium na Japan, shi kam bai da haƙurin sauran. A inuwa launin yana dusashewa ya koma kore-kore. Wani lokaci kuma reshe guda ya fito kore shar. Wannan ya fi 'yan uwansa ƙarfin girma, in an bar shi zai mamaye su, sai a yanke shi tun daga tushensa.

Wani abu kuma: rana mai yawa tana kawo fure, fure ya kawo 'ya'ya baƙaƙe masu guba ga mutum, tsuntsaye kuwa su kwashi irin su watsa. Ta haka nau'in sinense na ƙasar Sin ya mamaye dazuzzuka a kudu maso gabashin Amurka da Ostireliya, tunda yana iya tsira ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Shi ya sa da zarar furen nawa ya fara bushewa nake bin sa da almakashi kafin ya ɗaura 'ya'ya.